vsftpd a ƙaramin ofis: akwai ƙarko, amma ba ya faɗin inda ke masa ciwo

Ofisoshin masu hidimar Umara a unguwannin Misfala da Sharamansur na Makka, da na masu aika kaya a Jidda, da yawansu na da babban injin kwafi mai tura hoton takarda kai tsaye zuwa kwamfuta. Tsofaffin injinan nan FTP suka fi sani, wato tsohuwar hanyar tura fayil tsakanin na'urori, shi ya sa har yau ake ɗora vsftpd, manhajar da ke karɓar fayil ta FTP, a kan Ubuntu (wani nau'in Linux), a tura kwamfutar ƙarƙashin tebur ta zama saba, wato mai karɓar fayilolin tana ajiyewa. Kyauta ne, ba ya cin ƙwaƙwalwa, kuma in an saita shi daidai sai ya yi watanni ba wanda ya tuna da shi. Aibinsa ɗaya: in ya tubure, lambar kuskure mai alƙaluma uku zai jefo maka ya ja bakinsa.

Lamba 530 na nufin ya ƙi mai shiga. Kafin ka zargi kalmar sirri, duba ko an buɗe wa mutumin asusu da /usr/sbin/nologin. In wannan layin ba ya cikin /etc/shells, Ubuntu zai kore shi ko da komai nasa daidai ne. Wajen tura fayil kuwa, 550 yawanci write_enable=YES ne ba a kunna ba a /etc/vsftpd.conf, ita kuma 553 foldar ce ba mallakinsa ba, sai a mallaka masa ita da umarnin chown.

Inda aka fi shan wuya shi ne a shiga lafiya, amma jerin fayiloli ya ƙi fitowa har lokaci ya ƙare, ko a ga 425. Dalili kuwa FTP hanya biyu yake bi. Ƙofa ta 21 ta gaisuwa ce da umarni kawai. Kayan kansu ta wata ƙofa dabam suke wucewa, wadda saba ke zaɓa ta sanar a amsa mai lamba 227. In katangar tsaro ta bar 21 kaɗai a buɗe, an yi sallama ke nan an hana shigo da kaya. Maganin: sa pasv_min_port=40000 da pasv_max_port=40100 a /etc/vsftpd.conf, ka buɗe wannan zangon a ufw, katangar tsaron Ubuntu, ka kuma juyo shi daga rawuta zuwa sabar. Ƙofa ɗari da ɗaya ta ishi ofis mai mutum goma har da ragi. Sannan ka karanta amsar 227 ɗin a FileZilla, manhajar da ake shiga sabar da ita: in ka ga ta fara da 192,168, adireshin cikin gida saba ke ba na waje, sai ka rubuta na gaskiya a pasv_address, tare da listen=YES da listen_ipv6=NO. Sa listen da listen_ipv6 duka su zama YES lokaci guda na hana vsftpd tashi sam. Haka ma tazara ɗaya kusa da alamar = a fayil ɗin saiti, abin da ya isa a ce manhaja mai shekaru irin nasa ta daina yi wa mutane.

Wani abin ba laifinsa ba ne. Layin 4G ko 5G sau da yawa adireshi ɗaya ake raba wa masu layi da dama. In adireshin da rawuta ke nunawa ya faɗa tsakanin 100.64 da 100.127, ba juyin ƙofar da zai yi aiki. Sai ka nemi tsayayyen adireshi a wurin kamfanin layin. Sunan fayil na Larabci da ya koma tarkacen alamu kuwa, tilasta UTF-8 a FileZilla kan warware shi.

Shin ya cancanta? Tsakanin injin kwafi da saba a ɗaki ɗaya, ƙwarai. Amma FTP tsirara yake aika kalmar sirri, kuma abin da ke wucewa fasfo ne da igamar mutane. Duk abin da zai fita ofis, a bi da shi ta SFTP, hanyar tura fayil mai ɓoye bayanai, a ƙofa ta 22: hanya ɗaya ce, a rufe, OpenSSH ya zo da ita, manhajojin tura fayil WinSCP da FileZilla duk suna jin ta.