Asibitin da Ya Sake Duba Abin da Aka Rubuta a Karnen Mahaifiyata

Shekara takwas karnen lafiyar mahaifiyata, wato ɗan littafinta na asibiti, ya yi yana ɗauke da kalmar asma. Wani ma'aikacin jinya ne ya fara rubuta ta a wani dare na hunturu da numfashinta ya sarƙe, bayan ya saurari ƙirjinta kawai, kuma tun daga ranar duk wanda ya buɗe karnen sai ya kwafi abin da ya tarar, ya rubuta mata Ventoline, maganin shaƙa na asma, ya sallame ta. Ita kuwa mace ce da ta shafe fiye da shekara talatin tana tuyar ƙosai a kan murhun icce a cikin zaure, a unguwar Birni.

Wani ƙaramin asibiti mai zaman kansa a nan Damagaram ya fara kiran marasa lafiyarsa waɗanda takardunsu suka nuna ciwon huhu mai daɗewa, domin a tabbatar ko sunan cutar da aka rubuta musu daidai ne, kuma a kan wannan aiki nake son yin bayani. Abin da ya fara burge ni shi ne yadda likitan ya karanta karnen tun daga shafin farko, sannan ya tambayi Inna yaushe tarin ya soma, ko ta yi haki tun tana yarinya, ko akwai mai shan taba a gidan, da kuma ko an taɓa yi mata maganin tarin fuka. Bai yarda ta hura na'urar auna numfashi ba sai da aka gwada majinarta aka ga babu tarin fuka, wanda hakan kariya ce ga wanda zai hura bayanta.

Gwajin kansa ana yin sa ne da na'urar auna numfashi, wadda suke kira spiromita. An auna tsayinta, an zaunar da ita, an matse mata hanci da ɗan maƙali, sannan aka ce ta cika huhunta da iska ta hura da iyakar ƙarfinta har sai iskar ta ƙare. Wannan ba abu ne mai sauƙi ga tsohuwa ba, kuma a nan ne na ga haƙurin ma'aikaciyar, wadda ta riƙa cewa, "Hajiya, a ƙara dai, a ci gaba, kada a tsaya," har aka samu hurawa uku masu kyau. Daga nan aka ba ta salbutamol, maganin buɗe hanyoyin numfashi, ta shaƙa, aka jira minti 15, aka maimaita.

Likitan ya bayyana mini cewa ana kwatanta iskar da mutum ya fitar a daƙiƙa ta farko da dukkan iskar da ya iya fitarwa, kuma idan rabon ya tsaya ƙasa da 0.70 bayan an shaƙi magani, alama ce ta toshewar da ba ta buɗewa gaba ɗaya. Na Inna bai kai ba. Da ya haɗa wannan da tarihin hayaƙin icce da kuma cewa ciwon ya same ta ne bayan ta manyanta, sai ya ce abin da ke damunta shi ne toshewar hanyoyin numfashi mai ɗorewa, wadda ake rubutawa BPCO a takardunmu, cutar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ta kashe mutum miliyan 3.23 a shekarar 2019. Ya sauya mata magani zuwa na shaƙa mai dogon aiki da za ta riƙa yi kullum, ya hana ta ƙwayoyin kortizon da take saya a bakin kasuwa duk hunturu, kuma ya ce a fitar da murhun daga zaure zuwa fili.

Akwai abubuwan da ban ji daɗinsu ba. Mun isa da hantsi amma ba a kira mu ba sai bayan azahar, alhali an hana ta shaƙar maganinta tun asuba saboda gwajin, kuma zaman ya wahalar da ita. Sabon maganin ma yana da tsada, sai da na zaga farmasi uku kafin na same shi.

Wanda ya fi damuna shi ne yadda aka miƙo mana sakamakon a wata takarda daban da Faransanci, aka bar karnen yadda yake da tsohuwar kalmarsa, alhali karnen ne kowane ma'aikacin lafiya zai buɗe idan ciwon ya tashi da dare. Na koma na roƙi likitan ya gyara, kuma bai yi gardama ba, ya soke asma da hannunsa, ya rubuta BPCO da kwanan wata da adadin da na'urar ta nuna, ya buga hatimi. Duk wanda zai kai nasa wannan gwaji, ya tafi da tsofaffin karne da duk magungunan da majinyacin yake sha, kuma kada ya bar asibitin sai ya ga an rubuta sakamakon a cikin karnen.