Ryzen 5 5600 da Radeon RX 6600: shin haɗin nan ya dace da mai wasan intanet a Sakkwato?

Idan ana lissafin kayan da za a haɗa kwamfuta da matsakaicin kuɗi don wasannin da ake shiga da taron jama'a ta intanet, irin su World of Warcraft, Final Fantasy XIV, Guild Wars 2 da Albion Online, da wuya a tashi ba a ambaci furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) Ryzen 5 5600 da katin hoto Radeon RX 6600 ba. Haɗin ya cancanci sunan da ya yi. Amma yawancin masu yaba shi suna zaune ne inda wuta ba ta ɗaukewa, kuma ɗakinsu bai san zafin Afrilun Sakkwato ba. Kafin a ce ya dace da mu, akwai wuraren da dole a ƙara masa kuɗi, akwai kuma inda za a rage.

A irin waɗannan wasanni furosesa ne ke ɗaukar nauyi, ba katin hoto ba, kuma nan ne aka fi yin ɓarnar kuɗi. Lokacin da mutum 20 suka taru kan dodo guda a matakin Mythic, mafi wahala a World of Warcraft, ko mutum 24 a babban farmakin Final Fantasy XIV, ko rundunoni suka gwabza a Albion, kwamfutarka tana lissafin inda kowane ɗan wasa yake, abin da ya jefa, da ɓarnar da ya yi. Yawancin wannan lissafin a kan cibiya ɗaya ko biyu na furosesa, wato sassan da ke lissafi a cikinsa, yake bi, katin hoto kuwa jira yake a miƙo masa aiki. Shi ya sa za ka ga mai katin da ya ninka RX 6600 tsada, amma da ya shiga dandalin Limsa Lominsa, wani birni a Final Fantasy XIV, inda jama'a ke cincirindo, hoto ya fara tsinkewa. Ba katin ne ya gaza ba.

Ryzen 5 5600, wanda AMD ta fitar a 2022, yana da cibiya 6, wutar da aka ƙayyade masa wat 65 ce, sannan yana da 32MB na ma'ajiyar gaggawa ta L3. Wannan ma'ajiyar ita ce sirrinsa, domin bayanan da wasa ke yawan nema suna zama kusa, ba sai an je RAM, ma'ajiyar aiki ta kwamfuta, an ɗauko ba. A nan mai saye ya buɗe ido sosai, don akwai 'yan'uwansa biyu masu suna kusan iri ɗaya: Ryzen 5 5500 da Ryzen 5 5600G. Dukansu 16MB kawai gare su, rabin na 5600, kuma a PCIe 3.0 suka tsaya, wato tsohon zubin hanyar da ke haɗa furosesa da katin hoto. Idan mai shago ya ce maka duk ɗaya ne, ba ɗaya ba ne. 5600G yana da amfaninsa ga wanda kuɗin katin hoto bai samu ba tukuna, saboda yana da nasa a ciki, zai iya jan Albion kafin a tara. Shi 5600 ba shi da wannan, don haka in ka soka wayar HDMI a bayan madabod, wato babban faifan da ake dasa kayan a kai, maimakon jikin katin, allo baƙi za ka gani, ka ɗauka kaya sun lalace alhali lafiyarsu ƙalau. Wanda aljihunsa ya ɗan fi nauyi, Ryzen 7 5700X3D mai 96MB shi ne ya fi dacewa da wasan taron jama'a, kuma shi da 5600 a gurbi ɗaya suke zama, wanda ake kira AM4. Ƙarin kuɗi a nan ya fi ƙarin kuɗi a katin hoto amfani.

Abin da ba mu yaba ba shi ne fankar da ke zuwa a kwalin furosesan, wato Wraith Stealth. Ba ta dace da garin nan ba. Fanka ba ta ƙirƙirar sanyi, iskar ɗaki take turawa, don haka duk digirin da ɗaki ya ƙara, furosesa ma zai ƙara kusan haka. Abin da aka gwada a ɗaki mai digiri 22, in aka kawo shi ɗakin da ya doshi 40 a tsakanin Maris da Mayu, zai hau ya kusa iyakarsa, sai ya rage gudu da kansa don kada ya ƙone. Alamar ita ce wasa ya fara lafiya, bayan rabin awa ya soma nauyi, fanka tana ta ƙara. A sayi mai sanyaya ta tsaye mai fanka milimita 120 da bututun tagulla 4, irin DeepCool AG400 ko Thermalright Assassin X 120. Tsayinsu wajen milimita 150 ne, sai a auna faɗin akwatin kwamfutar kafin a biya. Wajen ɗaurawa a ɓare ledar da ke manne a gindinta, wannan ledar ta sha sa sabuwar kwamfuta zafi. Man da ake shafawa tsakani a ɗiga kamar ƙwayar wake a tsakiya, a ɗaure kusoshi ta kusurwa da kusurwa a hankali. In kuma za a cire ta wata rana, a kunna kwamfutar ta ɗan yi ɗumi, a murɗa kafin a ɗaga, domin ƙafafun furosesan AM4 a jikinsa suke, yana iya biyo fankar su lanƙwashe. Mai sanyaya da ruwa ba mu ba da shawararta ba, in famfonta ya tsaya gyara ba shi da sauƙi.

Madabod kuwa B550 mai madaidaicin farashi ta isa, ba sai mai fitilu ba. Dalilin fifita ta a kan B450 da A520 shi ne PCIe 4.0, saboda RX 6600 layi 8 kawai yake amfani da shi maimakon 16, a kan PCIe 3.0 hanyarsa takan ragu da rabi. Asarar ba ta da yawa a galibin wasanni, don haka wanda yake da B450 a hannu ba sai ya jefar ba, amma dole a sabunta mata BIOS, wato manhajar da ke tada madabod, kafin ta gane Ryzen 5000, dangin su 5600. Kada a yi wannan sabuntawar sai kwamfuta tana kan UPS, na'ura mai batiri da ke riƙe ta in an ɗauke wuta, ko inbata. Wuta ta ɗauke ana tsakiyar aikin, madabod na iya ƙin tashi gaba ɗaya.

RAM a sayi 16GB, amma guda biyu masu 8GB, DDR4 mai gudun 3200 ko 3600. Guda ɗaya mai 16GB tana rufe hanya ɗaya daga cikin biyu, kuma wasan taro yana jin wannan a jikinsa. A madabod mai gurbi huɗu, a sa su a na biyu da na huɗu in an ƙirga daga wajen furosesa. Bayan haka a shiga BIOS a kunna XMP, saitin da ke sa RAM ya yi cikakken gudunsa, wanda kamfanin ASUS ke kira DOCP. In ba a kunna ba, RAM ɗin da ka biya kuɗin 3200 zai iya zama a 2133 ko 2400 har ta tsufa ba ka sani ba. Mai buɗe manhajar hira ta Discord da burauza da tarin ƙarin manhajoji a cikin wasa, 32GB za ta fi ba shi kwanciyar hankali.

Shi katin RX 6600 ya fito a 2021, yana da 8GB, yana jan wat 132 ta waya ɗaya mai baki 8. Ƙarancin cin wutarsa ne ya fi burge mu, don ƙarancin wuta ƙarancin zafi ne, kuma batirin inbata zai daɗe. A allon 1080p yana jan waɗannan wasanni a saiti mai kyau ba tare da wahala ba. Ko bayan da Final Fantasy XIV ya gyara zanensa da fitowar Dawntrail a 2024, katin da kamfanin ya ba da shawara shi ne RTX 2060 ko RX 5600 XT, kuma RX 6600 ya fi su. Rauninsa a fili yake: ba shi da ƙarfi wajen sabuwar fasahar bin haske, wato ray tracing mai ƙawata haske da inuwa, don haka a kashe ta a World of Warcraft, kuma wanda ke son allon 1440p zai fara jin ƙunci. In farashin RTX 4060 ya matso kusa, a ɗauke shi, ya fi ƙarfi kuma wat 115 yake ci. RTX 3060 iri biyu ne, mai 12GB da mai 8GB, na biyun ya fi rauni ko da sunan ɗaya ne, a karanta kwali da kyau. RX 580 na hannu da suka cika kasuwa da araha kuwa, katin 2017 ne mai cin wat 185, da yawansu sun yi shekaru suna haƙar kuɗin kirifto dare da rana. Arha ce mai tsada.

Wajen ajiya ba a tsaya ja-in-ja ba, SSD irin NVMe mai 1TB. World of Warcraft kaɗai yana neman 128GB, Final Fantasy XIV kuma 140GB, don haka 256GB ya cika tun kafin a fara. Sauke su ne ke cin data, ba buga su ba. Wanda ke da aboki mai wasan, ya kwafo fayilolin a kan faifan waje, manhajar wasan ta duba su ta sauke abin da ya rage.

Yanzu ga abin da ya fi komai muhimmanci a wurinmu, wato wuta. Wannan haɗin, har da allo, da wuya ya wuce wat 300 ana tsaka da wasa. Tukunyar wuta, wato na'urar da ke raba wa kayan kwamfuta wuta, mai wat 550 zuwa 650, mai shaidar 80 Plus Bronze daga kamfani sananne kamar Corsair, Seasonic ko Cooler Master, ta wadatar. Kada a karɓi wadda ake haɗawa da akwati kyauta, marar suna, marar nauyi a hannu, ko da an rubuta wat 700 a jikinta. Idan irinta ta mutu, ba kasafai take tafiya ita kaɗai ba, takan ja madabod ko katin hoto. A UPS kuma a lura cewa VA, ma'aunin ƙarfin da ake rubutawa a jikinta, ba wat ba ne. Ƙaramar 650VA da ake sa wa kwamfutar ofis wajen wat 360 zuwa 390 take iya ɗauka tana sabuwa, in batirinta ya kwana biyu a zafi, tana iya sakin kwamfutar a daidai lokacin da aka ɗauke wuta. A nemi 1200VA ko sama, mai daidaita ƙarfin wuta a ciki. Tukwanen wuta na zamani wasunsu ba sa jituwa da UPS ko inbata mai ba da wuta a datse, sai a ji ƙara ko kwamfuta ta mutu lokacin canji, don haka mai tsaftatacciyar wuta, wadda masu sola ke kira fiyo sayin, ita ce ta dace. Kada a jona kwamfuta kai tsaye da ƙaramin janareta, kuma rautar intanet ma ta hau UPS ɗin, in ba haka ba allo na kunne amma an fitar da kai daga wasa, abokan tafiya suna jira.

Akwati a zaɓi mai raga a gaba, ba mai gilashi rufe ruf ba. Fanka biyu a gaba suna shigo da iska ta matatar ƙura, ɗaya a baya tana fitarwa. In shigowa ta fi fita yawa, ƙura ba ta samun kutsawa ta kowace kafa. A ɗora shi kan tebur, ba kan tabarma ko kafet ba. Da hunturu a ciro ragar a kakkaɓe duk mako biyu, a hure ciki da abin hura iska, ana riƙe fankokin da yatsa don kada su yi ta juyawa da ƙarfi. Busasshiyar iskar hunturu tana tara lantarki a jiki, don haka a taɓa ƙarfen akwati kafin a taɓa RAM ko kati.

Akwai abin da babu kayan da zai gyara, shi ne nisa. Waɗannan wasanni sabarsu, wato kwamfutar kamfani da ke riƙe da wasan, mafi kusa da mu a Turai take: ta Final Fantasy XIV a Jamus, Albion kuma ya buɗe tasa ta Turai a Amsterdam a 2024. Saƙonka sai ya gangara Legas, ya bi wayoyin ƙarƙashin teku, ya dawo, don haka jinkirin da ya haura milisakan 100 ba laifin kwamfuta ba ne. Wasannin nan suna jure wannan, abin da ba sa jurewa shi ne jinkiri mai hawa da sauka. A zaɓi sabar Turai tun ranar buɗe asusu, kada a bi ta Amurka. A haɗa rauta da kwamfuta da waya maimakon Wi-Fi, a aje rautar kusa da taga, sannan a gwada layuka da daddare, lokacin da za a riƙa wasan, domin layin da ya yi kyau a unguwar Arkilla ba lallai ya yi kyau a Mabera ba.

Babban aibin haɗin shi ne gurbin AM4 ya tsufa. Sababbin zubin furosesan AMD tun 2022 a AM5 da DDR5 suke, don haka iyakar ci gaban wannan madabod shi ne irin su 5700X3D. Wanda ke shirin canza kaya duk shekara biyu ya duba Ryzen 5 7600 na AM5. Wanda kuwa yake son kwamfutar da za ta yi masa shekaru tana jan waɗannan wasanni a 1080p, haɗin ya biya kuɗinsa. Yana ɗaukar Windows 11 da zarar an kunna saitin tsaro na fTPM a BIOS, abin da ya zama dole tunda Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a Oktoban 2025.

Yawancin waɗannan kaya daga Ikeja ko Kano ake aiko su a mota. In an haɗa kwamfutar a can, a ce su cire katin hoto su sa shi a kwalinsa daban, don girgizar doguwar hanya tana iya tsage gurbinsa. Kafin a biya mai haɗawa, a sa shi ya buɗe manhajojin bincike: CPU-Z a ga sunan furosesa da gudun RAM, GPU-Z a tabbatar da katin, CrystalDiskInfo kuma a ga awannin da SSD ya yi aiki, don nan ake gane na hannu da aka sayar a matsayin sabo. Sannan a bar wasa ko gwajin nauyi ya yi minti 30 ana kallon zafi a HWiNFO, da rana, akwati a rufe. A karɓi rasit mai ɗauke da lambar kowane kaya, a kuma ajiye kwalayen har garanti ya ƙare.