Fitilun LED masu canza launi: wane tsarin waya ya kamata ka saya?

Kafin ka biya kuɗin tef ɗin LED mai launi, duba rubutun da ke kan tagullar bakinsa. Idan ka ga +12V, R, G, B, tef ne na gargajiya mai waya huɗu, duk tsawonsa launi ɗaya yake nunawa a lokaci guda. Idan ka ga 5V, DIN, GND, kowane ƙwan fitila na da 'yar IC tasa, wato ƙaramar na'urar da ke sarrafa launinsa, kuma waya ɗaya tak ke kai masa umarni. Mutane da yawa na ganin waya uku sai su ɗauka aikin ya fi sauƙi. Ba koyaushe ba.

Na gargajiyar shi ne mai ƙarancin rigima. Waya ɗaya na kawo fozitif, sauran ukun na ja ne da kore da shuɗi, kwantirola na kunna su yana kashewa da saurin da ido ba ya kamawa, ta haka ake haɗa launi. RGBW na ƙara waya ta biyar domin farin haske na ainihi, kuma ya cancanci ƙarin kuɗin, don farin da ake haɗawa daga launuka uku yakan karkata zuwa shuɗi. Tef mai ƙwai 60 a mita na cin kusan wat 14.4, wato amp 1.2 a volt 12. Kada ka wuce mita 5 a jere ɗaya. Da na volt 24 za ka kai mita 10, shi ya sa ya fi dacewa da silin da doguwar baranda. Abin da ake yawan mantawa: wayar fozitif ita ke ɗaukar wutar launuka ukun a haɗe, don haka in za ka yi ƙari, ita ce ba ta son siririyar waya.

Mai IC, irin su WS2812B, shi ke ba ka hasken da ke gudu ko launuka daban-daban a tef ɗaya. Sigina ya ragu zuwa waya guda, amma nauyin ya koma kan wuta. Ana lissafa wa kowane ƙwai 60 mA a cikakken fari, ke nan mita 5 mai ƙwai 300 na iya neman amp 18 a volt 5. Siririyar tagullar tef ba ta iya kai wannan daga baki ɗaya. Kunna fari ka bi tef ɗin da ido: farkonsa fes, tsakiya ya soma rawaya, ƙarshe ya koma ja-ja. Dalili kuwa shuɗi da kore sun fi ja buƙatar volt, su ke fara dusashewa idan wuta ta ragu. Maganinsa a ja waya mai kauri daga adafta a sake shigar da wuta kowace mita 2 zuwa 3, da fis a kowane reshe. Ka ga wayar da ka rage a sigina ta dawo ta wata ƙofa.

Siginar ma tana da sharuɗɗanta. Akwai kibiya a jikin tef, in ka haɗa ta baya ba abin da zai kama. Dole GND, wato wayar negetif, na kwantirola da na adafta su haɗu, in ba haka ba launuka su riƙa ƙyaftawa ba tsari. Sa rizisto na ohm 300 zuwa 500 a wayar sigina, da kafasita 1000 µF a bakin wuta. Idan ƙaramin allon ESP32 za ka yi amfani da shi a matsayin kwantirola, siginar volt 3.3 yake fitarwa, sai ka sa IC mai lamba 74AHCT125 ta ɗaga ta zuwa 5. Kuma IC ɗaya ta mutu, duk ƙwayayen da ke bayanta sun tsaya.

Saboda wannan matsala ta ƙarshe, ga wurin da sai an hau tsani kafin a gyara, WS2815 ya fi. Volt 12 yake ci, yana da wayar sigina ta biyu ta ko-ta-kwana, ƙwai ɗaya ya lalace sauran su ci gaba, sai fa in biyu da ke maƙwabtaka suka mutu tare. Mai son fari mai kyau ya nemi SK6812 RGBW.

Duk waɗannan siginarsu ba ta jure nisa. Bayan 'yan mitoci tsakanin kwantirola da ƙwan farko sai ta fara rikicewa. Babban zaure, dandamali ko fuskar gini aikin DMX512 ne, wato tsarin sarrafa fitilun dandamali ta waya. Layi ɗaya na ɗaukar tashoshi 512, kowane launi na cin tasha ɗaya, wato fitilun RGB 170 ko RGBW 128, kuma yana kai mita 300 lafiya. Ana jera na'urorin ɗaya bayan ɗaya, kada su wuce 32 ba tare da sifilita, na'urar raba sigina, ba, a rufe ta ƙarshe da rizisto ohm 120. Kada a raba waya biyu kamar reshen bishiya, kada kuma a yi amfani da wayar makirufo don kawai bakinta ya shiga. In aka yi haka siginar na dawowa baya, fitilu su riƙa firgita.

DALI, tsarin sarrafa fitilun gine-gine, waya biyu ce da ba ruwanta da wace ce fozitif, adireshi 64 a layi, kuma direba, wato na'urar da ke bai wa fitila wuta, mai alamar DT8 na sarrafa launi da adireshi ɗaya. Ta dace da ofis da otal, amma ba ta da sauri, ba ta yin haske mai gudu.

Kwantirola mara waya, na Wi-Fi ko Zigbee, wayar umarni kaɗai yake cire maka, adafta da kaurin waya suna nan yadda suke. Yawancin na Wi-Fi a 2.4 GHz kawai suke aiki, kuma in aka kulle su a akwatin ƙarfe sigina ba ta shiga. Kowanne ka zaɓa, duba amp nawa kowace tasha ke ɗauka, ba jimillar da aka rubuta a kwali ba, sannan ka sayi adaftar da ta fi lissafinka da kashi 20 cikin ɗari.