Compiler Explorer: shafin da ya raba mana gardamar yaren C a ɗakinmu

Layi biyu kacal ne suka haddasa gardamar. Muna ɗakinmu a Tudun Wada, nan Gusau, ni da abokin zamana, muna bitar tsofaffin tambayoyin jarrabawar yaren C, ɗaya daga cikin yarukan rubuta manhajar kwamfuta, sai muka ci karo da wata: an ba wani mazubi mai suna i lamba 5, sannan aka rubuta printf("%d %d", i++, i++), aka ce a faɗi abin da zai fito (printf shi ne umarnin buga sakamako, i++ kuma yana ba da lambar i sannan ya ƙara mata ɗaya). Shi yana da laftof, ya buga, ta ba shi 6 5. Ni kuwa a waya nake rubuta kod ɗina da wata 'yar manhaja, tawa ta ba ni 5 6.

Ya leƙo fuskar wayar ya kwashe da dariya. "Ɗan'uwa, wagga waya taka ba ta yi boko ba. Sayar da ita ka sha fura."

Muka duba amsar da ke bayan handawut, ita ma 6 5 ta ce. Shi ke nan, ya ci gari. Na haddace cewa printf daga dama yake fara karatu kamar ajami, na ajiye a kai don jarrabawa, amma raina bai kwanta ba. In wayata ƙarya take yi, me ya sa sauran atisayen da na yi da ita duk suka fito daidai?

Wani ɗan aji huɗu ne ya jefo adireshin godbolt.org a gurup ɗinmu na WhatsApp da gardamar ta kai can. Bai yi dogon bayani ba, cewa kawai ya yi mu je mu gani da idonmu. Yau wata uku ke nan ina shiga shafin kusan kullum, shi ya sa na ga ya dace in rubuta abin da na gani, ko wani zai huta da irin ciwon kan da na sha.

Sunan shafin Compiler Explorer. Wani injiniyan manhaja mai suna Matt Godbolt ne ya fara shi a 2012, shi ya sa mutane da yawa ke kiransa da sunan mutumin kawai. Kyauta ne, ba a neman ka yi rajista, ba ka saukar da komai a na'urarka. Kana buɗewa za ka ga fuska ta rabu biyu: a hagu kana rubuta kod, a dama kwamfailar da ka zaɓa (manhajar da ke fassara kod zuwa abin da inji ke ganewa) tana nuna maka abin da ta mayar da shi a yaren asembili, wato umarnin da injin kwamfuta ke bi ɗaya bayan ɗaya. Kowane layi na hagu yana da launi, layukan da ya haifa a dama suna ɗauke da launin nan. Kana canza harafi, dama na canzawa. Akwai kuma inda za ka kunna don a gudanar da furogiram ɗin a nuna maka abin da ya buga.

Abin da ya fi ƙarfin kuɗina a wurin shi ne jerin kwamfailoli. Akwai gcc, akwai clang, tsofaffi da sababbi, na injin x86 irin na laftof da na injin ARM irin na waya, kuma kana iya jera biyu ko uku gefe da gefe a kan kod guda. Na jera gcc da clang, na liƙa tambayar nan tamu. gcc ta buga 6 5, clang ta buga 5 6. Ashe laftof ɗinsa gcc ke ciki, manhajar wayata kuma clang. Ba wadda ta yi boko fiye da wata. Clang ma ba ta bari na tambaya ba, ta fito da gargaɗi cewa an taɓa i sau biyu ba tare da tsarin wanda zai riga wani ba. Da na ƙara -Wall, umarnin kunna gargaɗi, a akwatin umarni, gcc ita ma ta ce aikin da ake yi a kan i ɗin nan ba lallai yana da tabbataccen sakamako ba.

Nan ne na fahimci abin da ba a taɓa faɗa mana ƙarara ba: tambayar ba ta da amsa. Ƙa'idar yaren C, tun wadda aka fitar a 1989, ta ce in ka canza abu ɗaya sau biyu a wuri irin wannan, to ta wanke hannunta. Kwamfaila na iya ba ka 6 5, na iya ba ka 5 6, na iya ba ka wani abin da ba ka zata ba, kuma ba ta saɓa doka ba. Abin da muka haddace ɗabi'ar kwamfaila ɗaya ce, muka ɗauka hukuncin yare ne.

Daga nan na zama kamar yaron da aka saya wa sabon keke. Duk abin da ya taɓa ɗaure mini kai sai na kai shi can.

Na tuna wani atisaye da na yi a waya, na sa char c = 200; (char ƙaramin mazubi ne mai bayit ɗaya) na buga shi da %d ya ba ni 200, washegari a ɗakin kwamfuta na makaranta kod ɗin nan ya ba ni -56. A lokacin na zata hannuna ne ya kuskure. A shafin na rubuta ɗan fankshin da ke mayar da c, na sa -O2, umarnin da ke sa kwamfaila ta gyara kod don ya yi sauri, na jera gcc ta x86 da gcc ta ARM64. Ta farko ta rubuta mov eax, -56, ta biyu ta rubuta mov w0, 200. Ko asembili ban iya ba a lokacin, amma lambobin a fili suke. Dalili shi ne ƙa'ida ta bar wa masu kwamfaila su zaɓa ko char zai ɗauki lambobin ƙasa da sifili ko ba zai ɗauka ba. A x86 an saba yana ɗauka, iyakarsa 127, don haka 200 ta zagayo ta koma -56, wato 200 a cire 256. A ARM na Linux da Android ba ya ɗauka, yana kaiwa har 255. Wannan daban yake da na farko: a nan akwai amsa, sai dai ta dogara da inda kake tsaye, kamar mudun Gusau da na wani gari, kowanne mudu ne amma ba cikinsu ɗaya ba. In kana son tabbas sai ka rubuta signed char ko unsigned char da hannunka.

Irin wannan ne ya warware mini wani ruɗanin na handawut ɗinmu, inda aka ce int, mazubin cikakkiyar lamba, bayit 2 ne kuma iyakarsa 32767. Gaskiya ne a zamanin wata tsohuwar kwamfaila mai suna Turbo C. A kwamfailolin da muke amfani da su yau bayit 4 ne, iyakarsa 2147483647. Ƙa'ida cewa ta yi kada ya gaza kaiwa 32767, ba ta hana shi wucewa ba.

Wanda ya fi tsorata ni shi ne na ambaliyar lamba. Na rubuta fankshin mai karɓar int x, yana mayar da x + 1 > x. A tunanina, in x ya kai ƙarshen iyaka aka ƙara masa ɗaya, zai zagayo ya koma ƙasa da sifili, amsa ta zama ƙarya. Da -O2 abin da ya fito a dama layi biyu ne: mov eax, 1 sai ret. Babu tarawa, babu gwadawa. Kwamfaila ta share lissafin gaba ɗaya ta ce amsa kullum gaskiya ce. Na zauna ina kallon layukan nan kamar an mare ni. Hujjarta ita ce, a ƙa'ida, int mai alama, wato mai ɗaukar lambobin ƙasa da sifili, bai halatta ya yi ambaliya ba, don haka tana da damar ɗauka hakan ba zai faru ba, ta gina saurinta a kai. Da na mayar da x ɗin unsigned, wato marar alama, sai gwadawa ta dawo, domin shi ƙa'ida ta yarda ya zagayo ya koma sifili. Da na bar shi int na ƙara -fwrapv, umarnin da ke barin int ya zagayo, nan ma ta dawo. Ka duba fa, wannan ita ce dabarar da da yawanmu ke rubutawa don mu kama ambaliya: mu tara, sannan mu duba ko jimla ta ragu. Ashe mai gadin da muka sa a ƙofa kwamfaila na iya sallamarsa ba ta sanar da mu ba.

Ba duka ne laifin rashin ƙa'ida ba, kada in ɗora wa C abin da bai yi ba. Akwai waɗanda amsarsu ɗaya ce a ko'ina, mu ne dai ba mu karanta ba. Gwada -1 < 1u, kowace kwamfaila a jerin za ta ce maka ƙarya ne, saboda 1u lamba 1 ce marar alama, don haka ana mayar da -1 zuwa marar alama kafin a gwada, ya zama 4294967295 in int bayit 4 ne. Haka sizeof, mai faɗin girman abu a bayit, na jerin da aka miƙa wa fankshin: za ka ga 8 a injin bit 64 komai tsawon jerin, domin fointa ce ta iso, wato adireshin inda jerin yake, ba jerin ba. Waɗannan in sun fito a jarrabawa ba ni da ƙorafi.

Sai abin da ya cece ni a wani aikin gida. Ina da jeri mai gurbi 5, na kewaya shi da i <= 5, wato, tunda daga sifili ake fara ƙirga gurabe, na taka gurbi na shida da ba nawa ba. A waya furogiram ɗin ya yi aiki lafiya lau, shi ya sa ban zargi komai ba. Na sa -fsanitize=address a shafin na gudanar, nan take ya tsaya ya nuna mini lambar layin da na ƙetare iyaka. Akwai ɗan'uwansa -fsanitize=undefined mai kama ambaliyar lamba da makamantanta yayin da furogiram ke gudana. Waɗannan na gcc da clang ne, ba shafin ya ƙirƙiro su ba, mai laftof na iya amfani da su a gida. Amma ni da ba ni da ita, nan na fara ganinsu suna aiki.

To, ba a rasa inda takalmi ke matsawa. Sai da intanet, domin kod ɗinka can ake kai shi a sarrafa a dawo maka da sakamako. Data ba ta tafiya sosai tunda rubutu ne, amma in sabis ya yi rauni, kamar yadda yake yi mana da daddare a unguwarmu, sai ka yi ta jira. Mu da muka ga yadda aka rufe layukan waya a Zamfara a watan Satumba na 2021 mun san bai kamata ɗalibi ya rataya karatunsa duka a kan abin da ke buƙatar sabis ba. Don haka ban goge manhajar wayata ba. Na biyu, fuskar waya ta yi wa aikin kaɗan. Taga biyu suna shiga da ƙyar in ka kwantar da wayar, uku kuwa sai hawaye. Ranar da nake son jera kwamfailoli da yawa, lallaɓar abokin zamana nake yi ya ba ni aron laftof, in saya masa ƙosai. Na uku, in ka kwafo kod daga tsohon handawut mai conio.h da clrscr(), gcc da clang ba su san su ba, sai ka cire. Kuma tunda kod ɗin na barin na'urarka, aikin da ba ka so kowa ya gani ba nan ne wurinsa ba.

Akwai kuma tarkon da ni kaina na faɗa a makon farko. Shafin yana nuna abin da kwamfaila ta yi, ba ya gaya maka abin da ƙa'ida ta ce. Na taɓa gwada wani kod mai mazubin da ban sa wa lambar farko ba, kwamfailoli biyu suka ba ni sifili, na ce shi ke nan, daidai ne. Ba daidai ba ne, sa'a ce, kamar wanda ya tsallaka titi ido rufe ya isa lafiya. Ko kwamfailoli goma sun yi ittifaƙi, hakan bai zama hujja ba. In sun saɓa, ka kama ɓarawo. In sun yarda da juna, har yanzu sai ka kunna gargaɗi ka koma ka karanta. Wanda bai riga ya san fointa da jeri da madauki ba, ina ganin ya dakata tukuna, asembilin nan zai ƙara masa ruɗu ne kawai. Ɗan aji biyu zuwa sama kuwa, musamman mai shirin ɗaukar darasin tsarin injin kwamfuta, ban san abin da ya kai shi arha ba.

Shafin yana ba da gajeren adireshi na duk abin da ka jera, sai na ɗauki na tambayar nan tamu ta printf, na tari malaminmu bayan lacca. Gabana na faɗuwa, don ba kowane malami ke son ɗalibi ya zo masa da irin wannan ba.

"Malam, Allah ya gafarta, akwai abin da ya shige mini duhu," na ce, na miƙa masa wayar.

Ya daɗe yana kallon 6 5 a gefe guda da 5 6 a ɗaya gefen. Ya ce tambayar ta girme shi a sashen, gadonta ya yi. Na tambaye shi, in ta fito, wanne zan rubuta? Ya ce in rubuta cewa ƙa'ida ba ta fayyace ba, in kawo dalili, zai ba ni makina. Sannan ya ce in tura masa adireshin.

Abokin zamana har yau bai janye maganar fura ba. Cewa yake yi ko ba komai handawut da laftof ɗinsa bakinsu ɗaya, biyu ta fi ɗaya. Jiya da daddare dai na farka na gan shi ya buɗe shafin, ya jera taga uku, yana gwada i = i++.