Na'urar MinION a ɗakin gwaje-gwajen asibiti

Kamfanin Oxford Nanopore na Ingila ya fara bai wa masu bincike na'urar MinION a 2014. Aikinta karanta jerin haruffan DNA, wato sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado na halitta, samfurinta na farko bai kai giram 100 ba, kuma da kebul ɗin USB ake jona ta da kwamfuta. Ƙanƙantarta ake yawan yabo, amma a ganina darajarta ga asibiti tana wajen tsawon abin da take karantawa a zama ɗaya.

Bakteriya irin su Klebsiella da E. coli sukan ɗauki sirrin bijire wa magani a kan wani ɗan zoben DNA da ake kira filasmid, wanda ke iya tsallakawa daga wani jinsi zuwa wani. Ta wannan hanya ce NDM-1, wani sinadarin bijire wa magani da aka fara ganowa a 2008 a jikin wani majinyaci a Suwidin bayan ya kwanta asibiti a Indiya, ta bazu a duniya, tana karya lagon magungunan kabafenem da likitoci ke ajiyewa don ranar da sauran suka gaza. Na'urorin karanta DNA na kamfanin Illumina suna yayyanka shi gutsure-gutsure, harafi 150 zuwa 300, kuma da yake filasmid cike yake da sassa masu maimaita kansu, haɗa gutsattsarin ya kan gagara. MinION kuwa tana karanta dubban haruffa a jere, har a ga zoben ya rufe cif. Da haka ma'aikaci zai iya tabbatar da cewa filasmid ɗin da ke jikin mara lafiya a ɗakin kulawa ta musamman shi ne wanda aka samu a magudanar wurin wanke hannu, ko da ƙwayoyin cutar biyu ba jinsi ɗaya ba ne. Wannan bayani shi ke nuna inda za a tsananta tsafta da wanda za a keɓe.

Amma MinION tana da nata matsalolin. Faifan karatun da ake sa mata yana ƙarewa, yana da tsada, yana kuma buƙatar sanyin firiji, abin da ke da wuya inda lantarki ba ya tsayawa. Fassara siginarta tana son kwamfuta mai ƙarfi. Kurakuranta sun ragu sosai da zuwan samfurin faifan da ake kira R10.4.1, sai dai wanda ke son ƙirga bambancin harafi ɗaya tsakanin ƙwayoyi biyu gara ya haɗa da sakamakon Illumina.

Ina ba asibitocin koyarwa shawarar sayen MinION, muddin sun tanadi kuɗin faifai na shekara guda da ma'aikacin da ya iya nazarin bayanan.