PATCH na jihar Pennsylvania, aikinsa na kyau amma ku san inda ya tsaya

'Yan uwa mazauna Philadelphia da Harrisburg da kewaye, masu neman aikin kula da tsofaffi ko gidan renon yara ko tuƙin motar makaranta, ko ma wanda zai riƙa koyar da yara a islamiyyar masallaci ranar Asabar da Lahadi, duk sai an tambaye ku takardar shaidar cewa ba ku da laifi a rubuce. Ni dai PATCH na yi amfani da shi, shafin intanet ne na 'yan sandan jihar Pennsylvania da kansu da ake neman wannan takarda a ciki, kuma gaskiya na yaba, da za a ba da maki sai in ba shi 4 cikin 5.

Kuɗinsa dala 22 ne ana biya da kati, in kuma aikin sa kai ne ba albashi to kyauta ne, sai dai ka kula ka shiga ɓangaren 'yan sa kai tun farko, don takardar kyautar ba a karɓarta wajen aikin da ake biyanka. Abin da suke so suna ne da ranar haihuwa, akwai gurbin lambar soshiyal ma, wato lambar Social Security da gwamnatin Amurka ke bayarwa, ni shawarata in kana da ita ka saka don tana rage ruɗani. Ina gama cikewa ko shayina bai huce ba sakamako ya fito babu komai, na buga satifiket ɗin a firinta shikenan. Ka rubuta lambar da za su ba ka da ranar da ka nema da yadda ka rubuta sunanka harafi da harafi, da su ne za ka koma ka sake ganin takardar.

To ga inda mutanenmu ke firgita. Wani zai cike sai ya ga an rubuto masa wai ana kan duba buƙatarsa, nan take cikinsa ya ɗuri ruwa ya fara kiran mutane yana salati ko wani ne ya yi masa sharri. A kwantar da hankali don Allah. Binciken nan da suna ake yinsa ba da zanen yatsa ba, kuma mu kun san sunayenmu, Muhammad Abdullahi nawa ne a jihar nan, Ibrahim Musa nawa, ga Amurkawa musulmi su ma masu irin sunayen cike da Philadelphia. In sunanka ya yi kama da na wani mai fayil sai ma'aikaci ya zauna ya tantance da hannu, yana iya kai sati biyu zuwa huɗu, shi ya sa kar ka bari sai gobe za ka fara aiki sannan ka nema.

Makin da na rage saboda iyakarsa ne, kuma ba laifin shafin ba ne haka tsarin Amurka yake, kowace jiha da nata kundin. PATCH abin da ya faru a cikin Pennsylvania kawai yake gani. Mutum zai iya tafka ta'asa a Camden da ke New Jersey, gada ɗaya ce tsakani, ya tsallako nan takardarsa ta fito fes. Kuma tun 2018 da gwamna Tom Wolf ya sa hannu a dokar Clean Slate, ƙananan laifukan da suka daɗe da ƙararrakin da aka kora ana rufe su daga idon jama'a, abu ne mai kyau ga wanda ya shiryu yana neman abinci, amma ke uwa mai neman wadda za ki bar wa 'ya'yanki ki sani farar takarda ba ita ce shaidar hali ba, ki tambayi inda ta yi aiki a baya.

Shi ya sa ma masu aiki da yara takarda uku ake nema: PATCH ɗin nan, da ta cin zarafin yara wadda hukumar walwalar jama'a ta jiha ke bayarwa dala 13, sai ta FBI da ake zuwa a ɗauki zanen yatsu a ofisoshin IdentoGO, ita ce ke leƙa sauran jihohi. An tsaurara dokar a 2014 bayan abin kunyar Jerry Sandusky, tsohon mataimakin kocin jami'ar Penn State da kotu ta kama da laifin lalata da yara a 2012. Duk shekara 5 ake sabunta su. Ɗan sa kai da ya shekara 10 cur a jihar an ɗauke masa ta FBI, rantsuwa kawai zai sa wa hannu, amma yawancinmu da muka zo kwanan nan sai mun je an danna yatsun.

Abin da ya fi ba ni haushi shafukan 'yan kasuwar nan ne da ke fitowa a sama in ka bincika a Google, su nuna maka wani layi yana tafiya a hankali wai suna tono sirri, su ce dala 1 kacal. Wani ɗan uwanmu ya saka katinsa, ashe rajistar wata-wata ce, sai da ya je banki aka toshe, kuma takardar da suka ba shi wajen aikin suka ce ba su san ta ba. Adireshin PATCH na gaske da pa.gov yake ƙarewa. In kuma so kake kawai ka leƙa ko wani yana da shari'a a kotu, mai gidan haya ne ko wanda za ku haɗa jari, shafin kotunan jiha na UJS kyauta ne, ka sa suna ka ga takardun ƙarar, sai dai ka haɗa da shekarar haihuwa kafin ka ce ai wane ne.