Takalmin farautar da na sayo a Yamai, da abin da ya yi mini a dutsen Keita

In mutum ya tambaye ni yau ko ya sayi irin manyan takalman farautar nan na Turai da ke zuwa cikin dilar gwanjo, zan ce masa ya saya, amma ya ware kuɗin baduku a aljihu guda tun kafin ya miƙa wa mai kaya nasa. Jika 28 na biya a Yamai, bayan mun ja ciniki har na yi kamar zan tafi. Duk wanda ya san yadda kaya suka yi tsada tun da aka rufe iyakar Benin a 2023, komai ya koma biyowa ta Lome da Burkina, ya san farashin bai wuce kima ba. Takalmin ne ya ci amanata, kuma a wurin da bai kamata ba.

Mu nan Tawa wahalarmu da takalmi ita ce ƙasar Adar ba ta tsaya wa mutum iri ɗaya. Ka fito da asuba cikin yashi mai laushi, kafin hantsi ka hau faƙo, daga nan sai tsakuwa da marmara masu kaifi a gefen dutse, ka gangara kwari ka tarar da laka inda masu lambun albasa suka yi ban ruwa. Ga ƙarangiya mai manne wa wando da safa, ga tsaidau kwance a ƙasa yana jiran tafin ƙafa, ga ƙayar aduwa wadda in ta shige sai an sa reza. Takalmin taya da muka tashi da shi ƙasansa ba ya jin komai, amma yatsu da idon sawu a waje suke, kububuwa kuwa a nan ta fi sara. Ranjas na soja na daɗe ina sa shi, yana kare ƙafa, sai dai tauri, in ka wuni cikinsa da bororo a diddige za ka dawo gida.

Shi ya sa da na ga wannan a shimfiɗe cikin kayan wani mai gwanjo, zuciyata ta kwanta da shi nan take. Fata ce mai kauri launin ƙasa, ya rufe idon sawu ya haura da kusan faɗin tafin hannu, harshensa a ɗinke yake da jiki har sama yadda yashi ba zai sami ƙofa ba. Na juya ƙasan, haƙoransa duk a tsaye, ko ɗaya bai suɗe ba. Mai kayan ya ga inda idona ya tsaya, ya ce, "Alhaji, wannan Bature ne ya saya ya ajiye, ko taka shi bai yi ba. Sabo ne, sunan gwanjo kawai ya ɗauka." A kan wannan maganar ya ƙi sauka daga farashinsa.

Gaskiya cikin ɗari ya yi mini rana. Wanda ke hawa babur kafin kiran salla a watan Janairu ya san yadda iskar hunturu ke daskarar da yatsun ƙafa har ka sauka ba ka jin birki. Cikin wannan takalmi ƙafata da ɗuminta nake isa daji. Ƙarangiya zamewa take yi daga jikin fatar, sai dai ka tsince ta a igiya. Na taka busasshen reshen aduwa da dukan nauyina, na ji ya karye, na ɗaga ƙafa na zare ƙayar daga roba, ba ta kai ga nama ba. Ba ya ƙara a kan tsakuwa kamar ranjas, zomo ba ya jin tahowarka tun daga nesa. A fada na cika mutane da labarinsa har wasu suka ce in haɗa su da mai kayan.

Sai ranar Keita.

Mun tafi da kawuna, wanda shi ya fara riƙa mini kere tun ina yaro, da karnukansa. Muka bar babura a wani ƙauye a gindin dutse muka hau da ƙafa. Wanda bai san wurin ba, tuddan nan su ne waɗanda aikin raya karkara na Keita ya farfaɗo da su, wanda aka fara a 1984 da kuɗin Italiya, mata suka yi ta dakon duwatsu ana jera su a gefen tudu, ana haƙa ramuka don tare ruwan sama, ana dasa itace. Itacen ya kama, yawancinsa kuma mai ƙaya ne, shi ya sa zabi da fakara ke samun maɓoya. To amma wurin tafiya ne mai cin takalmi: ka tsallake jerin duwatsu, ka faɗa rami, ka fito ka bi gangare a karkace, ƙafa ɗaya sama ɗaya ƙasa.

Rana ta fara ɗagawa karnuka suka tayar da garken zabi. Na yanki gefen tudu da gudu don in tare musu gaba. Ina dira daga kan wani jerin duwatsu sai na ji ƙafar dama ta yi sakayau, kuma tsakuwa ta soke ni sosai kamar ba takalmi a ƙafata. Na duba baya. Ga ƙasan takalmina can kwance a kan dutse shi kaɗai, haƙoransa na kallon sama. Na zauna na ɗaga ƙafar. Abin da ya rage tsakanina da ƙasa wani siririn ƙyalle ne mai kama da kwali. Soson da ke tsakanin robar ƙasa da fata kuwa ya zama gari, na sa yatsa na taɓa, yana marmashewa kamar ƙuli-ƙulin da aka taka, wani wurin kuma yana danƙo yana manne wa hannu. Na duba na hagu, shi ma ya buɗe baki daga wajen yatsu, ana hango ciki.

Kawu ya iso yana haki, ya tsaya a kaina, ya dubi ƙasan takalmin, ya dube ni. Ya ce, "Ɗana, wanga shi ne na jika ashirin da takwas ɗin?" Na ce shi ne, Kawu. Ya sunkuya ya ɗauka, ya shinshina, ya murza garin tsakanin yatsunsa, ya ce, "To ai ba takalmi sunka saida maka ba, gawa tai." Zabi kam tuni sun tsallake kwari, karnuka sun dawo suna lallage harshe.

Robar tiyub da Kawu ke ɗaure gorar ruwa da ita muka kwance, muka mayar da ƙasan muka naɗe shi da ƙafar tamau. Na hagu kuma na yage bakin rawanina na ɗaure. Haka na fara gangarowa. Duk taku goma sai ƙasan ya zame gefe, garin soson na zuba, tsakuwa na shiga ta ɓarakar tana zama daidai tsakiyar tafin ƙafa. In na matse robar jini ya tsaya, yatsu su mutu, in na sassauta takalmi ya tafi ya bar ni. Da muka sauko inda ƙasa ta yi laushi sai tsaidau ya karɓi aiki. Kawu yana gaba cikin takalminsa na taya wanda bai kai jika ɗaya ba, yana tafe yana waiwaye, kafaɗunsa na rawa, wai shi ba dariya yake ba. Wata tsohuwa mai itace da muka gamu da ita ta ajiye kayanta ta ce, "Sannu Malam, maciji ne?" Kawu ya ce mata, "A'a Inna, takalmin Turai ne." Ba mu kai wurin babura ba sai da azahar ta gota, ko gashin zabo ba mu riƙo ba, ga kuɗin mai an ƙone a banza.

Daren nan na ɗauki hoto na tura wa mai kayan ta WhatsApp. Amsarsa ta murya ce, cikin natsuwa: "Alhaji, ka yi haƙuri, ka san gwanjo sa'a ne." Lokacin da yake karɓar kuɗina sabo ne, da ya watse ya koma gwanjo. Daga Tawa zuwa Yamai ya haura kilomita 500, ya san ba zan hau mota in je rigimar takalmi ba.

Ran Lahadi na kai shi kasuwa wurin wani dattijon baduku da ke gyaran takalma. Ko mamaki bai yi ba. Ya ce irinsu na zuwa masa, kuma waɗanda suka fi kyan gani su suka fi yin haka. Abin da ke faruwa shi ne, yawancin takalman nan ana sa musu soson roba mai suna poliyuretan a tsakiya, shi ke sa su laushi da rashin nauyi. Wannan soso danshin iska na cin sa a hankali shekara da shekaru, zafi na ƙara masa sauri, kuma wanda aka ajiye ba a takawa ya fi saurin mutuwa a kan wanda ake sawa kullum. Wato takalmin da Bature ya saya ya jefa a ɗaki ya manta, aka zo aka cusa shi a dila, ya kwana a kwantena a bakin teku, daga waje sabo fil, daga ciki ya gama. Maganar da mai kayan ya yi mini talla da ita, ita ce ainihin ciwon takalmin. Dattijon ya nuna mini yadda ake ganewa: ka lanƙwasa shi da ƙarfi ka duba gefen soson ko zai tsattsage, ka danna farce ko bakin makulli ka ga ko zai dawo ko zai burma. In akwai ɗinki da ya zagaye ƙasan ya haɗa shi da fata, ya fi wanda gam kaɗai ya riƙe. Wasu ma akwai shekarar ƙira a takardar cikin harshe, in ba ta goge ba.

Jika 4 ya karɓa. Ya kankare mataccen soson tas, ya shimfiɗa fata mai kauri, ya yanko taya daidai ƙafa, ya sa gam, sannan ya bi da basilla ya ɗinke zagaye da hannu. Ya ce in riƙa shafa wa fatar man kaɗe kaɗan in ta bushe, kada in shanya shi a tsakar rana ko kusa da wuta.

A nan ne fa raina ya fara sanyi, don abin da ya fito daga hannun dattijon nan ya fi wanda na sayo. Saman na Turai, ƙasan na Adar. Na koma da shi duwatsun wajen Buza, na bi marmara na bi tsakuwa, ko gezau. Fatar kam ban da abin cewa a kanta, ƙaya ta karce ta ta ko'ina amma ba ta huda ba, ɗinkin jikinta ko zare ɗaya bai tashi ba. Ya ƙara nauyi, laushin nan na farko ya tafi, amma na sa safa mai kauri na manta. Da ma lamba ɗaya na ƙara a kan tawa don ƙafa na kumbura in an wuni ana tafiya, wannan ya taimaka. Har na fara cewa a fada jika 32 gaba ɗaya ba asara ba ce.

Bazara ce ta tuna mini da haushina. Takalmin an yi shi ne don masu farauta cikin ƙanƙara, cikinsa akwai shimfiɗar ɗumi, a takardar harshe an rubuta 400, wato nauyin abin ɗumin ke nan da giram a kowane murabba'in mita, kuma mai kayan ko uffan bai ce ba a kai. A watan Afrilu da zafin Tawa ke haura 40, ƙafa dahuwa take yi a ciki. Na cire shi da yamma safa sharkaf, tsakanin yatsu ya yi fari ya saɓule, warin kuwa uwargida ta ce ko dai takalmin ya kwana a zaure ko mu kwana tare da shi a can. Kwanansa a zaure kuma ya jawo sai na kife shi na bubbuga kowace safiya saboda kunama. Mai sayen irin wannan don ƙasarmu ya nemi marar shimfiɗar ɗumi, sanyin asuba na wata biyu safa ma ta ishe shi.

Batun ruwa ma haka. An ce ba ya shan ruwa, kuma kafin ya watse na taka laka a bakin lambu ƙafata ta fito a bushe. Yanzu ramukan basilla sun zama ƙofa. Da damina ba ma fita farauta, lokacin haihuwar namun daji ne, ga ma'aikatan gandun daji da dokarsu ta farauta ta 1998 ba sa wasa, don haka gona nake sa shi. In na ratsa kwarin Majiya bayan ruwan sama, ruwa na shiga ta ƙasa, shimfiɗar cikin ta riƙe shi ta ƙi saki, sai ya kwana biyu bai bushe ba. Tayar kuma ba ta da haƙora kamar robar asali, a taɓo santsi take yi, na sha zama daɓas a gaban 'yan ƙwadago. A laka bot ɗin roba na masu lambu ya fi shi nesa ba kusa ba, ga araha. Wannan laifin ba na baduku ba ne, ya faɗa mini tun kafin ya huda. Na wanda ya sayar mini da mataccen soso a kuɗin sabo ne.

Mutum biyu daga fadarmu sun riga sun saya a wurinsa ta dalilina kafin ranar Keita. Na ɗaya yana nan lafiya har yau, shi nasa ɗinkakke ne. Na ɗayan ya buɗe a kan babur tsakanin Tawa da Illela, kuma har yanzu in mun haɗu sai ya tambaye ni lafiyar abokina na Yamai. Shi kuwa mai kayan bai fasa turo mini hotuna ba duk lokacin da ya fasa sabuwar dila, wai akwai lambata. Na ce masa ya ɗauki bidiyo yana lanƙwasa takalmin gida biyu, ya danna makulli a gefen soson in gani, in ya tsaya zan tura kuɗi. Ya buɗe saƙon, bai amsa ba.